Sulen Muzurai

Muzuru na sha tara ya yakushi Musa a hannu, shi kuwa sai murmushi yake yi.

Shekara biyu da samun mulkin kai aka turo shi Hunkuyi malamin dabbobi, don shanu da awaki. Muzuran garin ba su da ubangida. Su cinye 'yan tsaki, su kwana bisa katanga, kyanwoyi na ta haihuwa ƙarƙashin rumbuna. Musa ya ce zai riƙa fiɗiye su a kan sule ɗaya, kuɗin magani da zare. Aka yi masa dariya. Wa zai kashe sule kan dabbar da ba tasa ba?

Ran kasuwa sai ga Iya Mairama dillaliya da buhu yana motsi, da sule ƙulle a tsumma.

"Wa ya aiko, Iya?"

"Ɗan nan, yanka aka ce ka yi, ba tambaya ba."

Sulen duk baƙin gawayi ne. Musa ya hangi rumfar da ke jikin maƙera, inda Zulaihatu mai waina ke hura wuta. Ya daɗe yana sonta, bakinsa ya kasa faɗa. Ita ce kuma ta taɓa kawo masa kukan 'yan tsakinta. Ya ce a ransa ya gane.

Kowace kasuwa buhu, kowace kasuwa sule. Musa ya kwantar da hankalinsa: yarinyar da ke tsakurar ribarta saboda shi, ina za ta? Ya ƙudura sai ya gama da muzuru na ƙarshe, sannan zai tura manya neman aurenta.

Muzurai suka yi ƙiba, suna kwance a rana, ɓera ya gifta ko ido ba sa buɗewa. 'Ya'yan kyanwa suka yi wuyar gani. Kafin kaka ta biyu 'yan hatsi sun fara ƙorafin ɓeraye, Musa bai ma ji ba.

Ran da buhu ya zo na ƙarshe, ya sa babbar riga, ya roƙi Iya ta kai saƙonsa gidan su Zulaihatu.

Tsohuwa ta gyara mayafi. "Ka makara, malam. Jiya mai aiko maka sulen ya kai sadakinta, fam goma lakadan."

"Mai aiko... wa?"

"Sani maƙeri mana. Tun bara hannunsa bai huta ba da ƙera tarkon ɓera."