Hancin Kawu

Wayata ta sake ƙara. An sayi kwafi talatin na littafin zanena. Jiya ashirin aka saya.

Kamfanin da ke buga min ba ya tara littafi a sito. Sai mutum ya biya ta intanet, sannan a buga, a aika masa. Su ne suka turo mana shawara, wai mu riƙa zana fuskokin da muka sani. Na bi. Mugun labarina ɓarawon awaki ne, na ba shi hancin Kawu da giɓinsa.

Kawun nan shi ya rantse, in zane bai fara ciyar da ni ba kafin ƙarshen wata, shagonsa zan koma dakon siminti.

Ranar Asabar ya kira ni. Na same shi a bayan shago yana zufa, yana iza wuta a tsohuwar ganga. Ga kwalaye jibge a gefe. Littafina ne ke ci.

"Ɗan banza," ya ce. "Duk hancin duniya sai nawa?"

"Kawu, kama ce kawai."

"Har giɓin? Rufe min baki! Sati uku ina saye ina ƙonawa, don kada 'yan kasuwa su gani. Kullum na ce na kwashe, sai in tarar da saura." Ya share goshi, ya rage murya. "Tsakaninka da Allah, guda nawa suka rage?"

Na kalli wutar, na kalle shi.

"Saura kaɗan, Kawu. Ka daure."