Shafin Tsayar da Inji

Injin casar shinkafar garinmu ba shi da makunni. Umarni ake karanto masa daga littafin da yake rubuta wa kansa a allon gilashi. Ran Laraba ya sake jera shafukan, wai don sauƙin nema: waɗanda aka fi buɗewa su ne a gaba.

Ranar ya cafke hannun Kawu Ɗanlami. Ina jin ƙashi yana karyewa, jini yana jiƙa buhu.

Kawu ya ƙwala mini kira: "Sabi'u, shafin tsayarwa, ɗan nan!"

Ni karatuna a hankali nake yin sa. Shafin kuwa ba a taɓa nemansa ba, yana can ƙarshe. Kafin in kai, inji ya ci har kafaɗa.

Da ya tsaya, allon ya tambaye ni cikin ladabi: "Wannan shafin ya amfane ka?"