Saƙon da Fadila Ta Tura

Bayan la'asar Saminu ya iso zauren su Fadila, wadda aka sa musu ranar aure da ita. Ta fito da murmushi, shi kuwa ko zama bai yi ba. Ya miƙa mata wayarsa, ga hoton motoci biyu.

"Wannan Prado ce, ita nake da halin saya. Wannan kuma Range Rover, sai na sayar da garken da Baba ya bar mana a Zango. Zaɓi ɗaya."

"Haba Yaya Saminu, ni ina ruwana da mota?"

Ya dube ta. "Jiya kin ce abin kunya ne a kai ki ɗaki a Prado. Saƙon muryar da kika yi wa ƙawarki, ni kika turo wa."

Fadila ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja gyale ta rufe fuska.

"Don Allah kar ka taɓa shanun nan," ta ce da ƙyar.

Ya karɓi wayarsa ya juya. Sai da ya kai bakin ƙofa ta iya ɗaga murya.

"Ko a babur ka zo, zan bi ka."

Ya tsaya bai waiwayo ba. "To, wannan ma ki tura wa ƙawar taki."