Direban Gwamnati

Vandi yana goge madubin gefe da hannun rigarsa lokacin da ya hango su suna gangarowa daga kan dutse. Tsohuwa ce a gaba, samari biyu a bayanta ɗauke da wani dattijo a kan ƙyauren ɗaki. Suka shigar da shi bas ɗin, suka kwantar da shi a kujerar baya, samarin suka juya da sauri don sun baro shanu a gonar mutane.

Sunan tsohuwar Miriyamu, mijin kuma Tizhe. Daga wani ƙauye suke can bayan tsaunuka. Maciji ne ya sare shi a gonar dawa da safe, ƙafar ta kumbura har gwiwa. An gaya mata gwamnati ta ajiye mota a mararrabar nan ta bayan Gella don kai mutanen karkara Mubi.

Ba ƙarya aka yi mata ba. Ga motar nan fara fes a gindin tsamiya, tayoyinta a wanke, ga direba da rigar aiki a goge. A duk faɗin Mubi babu direba mai tarihin Vandi: bai taɓa taka ko ɗan tsako ba, ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ba. Amma idan ya leƙa tasha, direbobi ba sa matsa masa a benci. Direban Gwamnati suke kiransa, su ƙyafta wa juna ido. Matarsa ta koma Michika da yara tun bara, ta ce ta gaji da amsa tambayoyin mata a bakin rijiya. Tun daga nan a gaban sitiyari yake cin abincinsa shi kaɗai, kuma abin yana cinsa a rai.

Ranar ba kamar kullum ba ce. Baƙi za su zo daga Yola su ga yadda motar take aiki. Oga Khamis, jami'in da ke kula da shirin a Mubi, ya iso tun hantsi a ƙafa, don keke napep ɗin da ya kawo shi ya ƙi ƙetare mayo, wato rafin da ke kan hanya. Ya sa mai unguwa ya cika kujeru da mutane, ya kuma ja kunnen kowa cewa baki ya mutu sai baƙi sun tafi.

Miriyamu ta duba ta ga ba kujerar da ta rage. Ta ga matan suna ɓare gyaɗa a cinya, ba mai ko ƙullin kaya. Ta matso bayan Vandi.

"Ɗana, mota ya cika. Me muke jira?"

"Mama, ki ɗan ƙara haƙuri. Akwai masu zuwa."

Ya ji nauyin maganar a bakinsa. Damina ce, ba ranar kasuwa ba, ya san in ba motar baƙin nan ba babu wata taya da za ta biyo hanyar yau. Ya saci kallon Oga Khamis, ya ga shi ma shi yake kallo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Rana ta take tsaka. Tizhe ya daina nishi, jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa. Miriyamu ta roƙi fasinjojin su sa baki, kowa ya sunkuyar da kai kan gyaɗarsa. Sai ta koma ta rungume kan mijinta tana yi masa waƙar coci a hankali da yarensu.

Baƙin suka iso a wata doguwar mota mai sanyi. Babbansu ya leƙo ta taga, ya ga fuskoki reras, ya yaba. Aka ɗauki hoto da Vandi riƙe da sitiyari. Aka tambayi ko akwai matsala, Oga Khamis ya yi caraf ya ce sai dai man fetur, a taimaka a ƙara.

Nan Vandi ya yi ta maza. Ya sauka, ya durƙusa a gaban babban, ya roƙe shi ya ɗauki mara lafiyar zuwa asibitin Mubi. Babban ya ɗago shi da fara'a, ya ce wata motar za su je dubawa kafin ruwa ya sauko.

"Ai saboda irinsu gwamnati ta sayi wannan. Ɗauke shi yanzu, na ba ka izini."

Suka tafi, har da Oga Khamis a gidan baya.

Fasinjojin suka kakkaɓe ɓawon gyaɗa, suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hanyar gida ba tare da ya dubi tsohuwar ba. Motar ta yi tsit. Vandi ya zagaya bayan tsamiya ya turo kekensa, ya fara naɗa rigar aikinsa a kan kariyar bayan keken don dattijon ya samu wurin zama. Miriyamu ta kama hannunsa.

"Kana da mota, an ba ka izini, za ka ɗora mijina a keke? Ba ka tsoron Allah?"

Vandi ya hau motar, ya kira ta da hannu, ya ɗaga murfin da ke gefen kujerarsa. Ta leƙa. A wurin da inji ya kamata ya zauna ƙasa ce kawai da ciyawa, yadda take tun ranar da aka jawo motar da igiya aka ƙaddamar da ita.