Mai Surfani da Takarda Goma Sha Ɗaya

Ka ce kwamfutarka ta fitar maka da dogon rahoto, kanka ya ɗaure, kana so ka goge duk abin da ba ka gane ba ka huta. Dakata, ƙanena, ka ji wannan tukuna.

An yi wani mai surfani da yake zana aikin wuyan riga a kwamfuta, ya sa a filashi, keke ya ɗinka. Shekara goma sha tara suna shago ɗaya da amininsa, shi yana zane, aminin yana kan keke. Wata shekara, ana saura wata biyu Sallah, abu ya fara rikita shi. Sai ya kwana shida yana fitar da sabon zane, bai ɗinka wa kowa ba, ko zare bai zaɓa ba, ranar Juma'a ya ga zanen nan a ƙirjin wani a masallaci. A na farko ya ce tunani ne ya zo ɗaya. A na biyu ya fara tsarguwa. A na uku kuwa, har 'yar karkatar da ya yi bisa kuskure a bakin aljihu an ɗinka ta yadda take. Ya canza kwaɗon shago, ya juya fuskar kwamfuta ta kalli bango, ya daina ba da aron filashi, abin bai tsaya ba. Wani ya ce masa wataƙila manhajar leƙen asiri ce ta shige shi, ya sa kwamfutar ta binciki kanta. Ya yi hakan. Rahoto ya fito, ya kai aka buga masa, takarda goma sha ɗaya, layi bisa layi kamar jerin tururuwa: sunaye da ba sa furtuwa, lambobi, kwanan wata. Ya duba daga sama, ya dawo ya duba daga ƙasa, bai san wane ne ɗan gida wane ne baƙo ba. Sai ya yanke cewa duk sunan da ya fi munin gani shi ne ɓarawo, ya bi ya goge guda takwas. Washegari kwamfuta ta daina gane keke, sautinta ma ya ɗauke, zane kuwa bai fasa fita ba. To, in ba na'ura ba ce, wa ya rage? Mutum biyu ne ke da mabuɗin shagon. Ya cusa takardun cikin durowar zare, ya tsare amininsa a gaban maƙwabta ya faɗa masa magana. Aminin ya dube shi ya ce, "Yau ni ne ɓarawonka?" Ya ajiye mabuɗi a kan keke, ya sa takalminsa ya fita.

Bayan kwana tara, shi kaɗai a shago, wani zanen ya sake fita. Nan fa ya rasa inda zai sa kansa. Har ya fara tunanin ko shi ne yake kwaikwayon na mutane bai sani ba. Ya ɗauki kwamfutar ya kai wa wata mai gyara, dattijuwa mai tabarau, ba don komai ba sai don ta sa ta sake gane keke. Da ta ji abin da ya goge da dalilin gogewar, sai ta ce ya koma ya kawo takardun. Ta shimfiɗa su a tebur, ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko, ta fara saukowa. Kowane suna sai ta duba inda yake zaune a cikin kwamfutar, da ranar da ya shigo, da aikin da yake yi. Tun hantsi har aka kira la'asar, shi yana zaune yana kallon rula tana tafiya kamar ba za ta kai ba. A tsakiyar takarda ta bakwai ta tsaya. Sunan da ke wurin ba shi da muni ko kaɗan. Kusan sunan manhajar zanensa ne, harafi ɗaya ya bambanta su, ga kuma 'yar alamar tuhuma da binciken ya sa a gefensa. Ta ɗora yatsa a kan kwanan watan ta ce, "Malam, ranar nan wa ya taɓa maka kwamfuta?" Ya yi ta juya abin a ransa, can ya tuna: ranar ce wani mai surfani na layinsu ya kawo masa sabuwar manhajar zane kyauta, ya sa masa da hannunsa, ko ruwa ya ƙi tsayawa ya sha. Ta nuna masa yadda abin yake farkawa duk sa'ad da aka kunna kwamfutar, ya kwashi zane, ya aika da zarar an shiga intanet. Ta cire shi, ta mayar da takwas ɗin nan da ba su da laifi. Ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko tun can abin yana rubuce a nan. Ta ce tun ranar da ya buga takardun. Daga wurin bai koma kasuwa ba, gidan amininsa ya wuce, ya durƙusa a zaure ya ba da haƙuri. Aminin ya ce ya yafe har ga Allah, amma ya riga ya kama aiki a wani shago, mabuɗin kuwa ya ce mai surfanin ya riƙe abinsa. Sallar nan ta wuce keke na lulluɓe da ƙyalle.

Saboda haka kada ka goge komai yau. Karanta layi-layi, inda ka kasa ka kai wa wanda ya iya. Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.