Sarkin Faransa da Mubaya'ar Hannu

A zamanin da, can ƙasar Faransa, an yi wani saurayin sarki mai ƙafar yawo, wanda ya haye teku ya tafi yaƙi, ya daɗe har aka soma mance kamanninsa. Da ya komo sai ya tarar ƙasa ta sake fuska. Dajin da yake farauta a ciki an sare shi an dasa inabi. Gidajen hakimai na katako sun koma ganuwar dutse, kowanne da ramin ruwa kewaye da shi. Karnukansa ma haushi suka tare shi da shi a ƙofar fada. Shi kuwa duk abin sai ya zame masa kallo, yana tafe yana tambaya: wa ya gina wannan gada, ina dattijon nan da ke riƙe da garin bakin kogi? Aka ce ya rasu. Na kan tudu fa? Shi ma ƙasa ta rufe masa ido. Ya ce Allah sarki, ya wuce, bai tsaya ya auna abin da mace-macen nan suka ci masa ba.

To, a al'adar mutanen nan, hakimi ba ya zama na sarki da saƙon baki. Sai ya durƙusa, kai ba hula, ya haɗa tafukansa ya sa su cikin tafukan sarki, ya rantse zai kawo mahaya duk ranar da aka kira shi. Alkawari ne na mutum biyu masu rai; in ɗaya ya mutu ya warware, sai magaji ya ɗaura sabo. Ba a jima ba zaman gida ya ishi sarki, ransa ya koma bakin teku, yana son ya sake hayewa yaƙi. Ya aika manzanni da tutarsa, ya ce kowane hakimi ya fito da dawakai. Shiru kake ji. Aka sake aikawa. Sai wani matashin hakimi, wanda ko gemu bai fara ba sanda sarki ya tafi, ya ce wa manzo, "Ka gaida mini sarki da kyau. Hannun babana ne ya shiga nasa, mu kuwa mun binne baba da hannunsa." Nan sarki ya shiga bincike. Ashe ɗan baffansa, wanda bai taɓa ganin teku ba, shi ke ratsa ruwa da taɓo zuwa kowace jana'iza, ya zauna makoki, ya ci gurasa da marayu, kafin ya miƙe magajin gidan ya sa hannu cikin nasa. Rabin ƙasa ya koma hannun ɗan baffan ba a zare takobi ba, kuma in sarki ya sake hawa jirgi, ragowar ma ba zai dawo ya tarar ba.

Sai ya sa aka kwance kayan da aka ɗaure don jirgi, aka ɗora wa alfadarai. Mai jirgi ya zo yana cewa, "Ranka ya daɗe, iska ta yi kyau fa." Sarki yana ɗaura sirdi da kansa, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ku faɗa mini garin da magajinsa bai riga ya rantse wa kowa ba. Can za mu sauka."

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa ke cewa, zumunci a ƙafa yake.