Ƙafar Auta

Inna ta turo keken guragu har bakin ofishin lauya, ta tsaya tana haki. Auta na zaune a ciki, an naɗe ƙafar wandonsa ta dama an danne da fil. Bara warhaka direban babbar mota ne, mai raha da son tafiya.

Lauyar ta ce a faɗa mata komai daga farko. Inna ce ta yi bayani, don Auta ya daina son magana.

Da ƙishirwa abin ya fara. Sai ya shanye jarkar ruwa a tafiya ɗaya, ya yi ta faka mota a gefen titi yana kama ruwa, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Famfo. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Ita ce ta matsa masa ya je asibitin wani likita da ta yarda da shi fiye da kowa.

Ba su taɓa bin layi ba. A tsaye likitan yake ganinsa a baranda, ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya ce gajiya ce da raki, ya rage shan rana. Zuwa na gaba ya ba shi maganin zazzaɓi. Ko ɗigon jini ba a ɗauka a yatsansa ba.

Sai da ƙusa ta soke shi a ƙafa a gareji, ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. A wani asibitin, wata nas ta gano ciwon suga ne kafin ma ya gama kwanciya a gado. Amma an makara. Aka yanke daga gwiwa.

"Mama, in muka yi nasara, likitan nan zai iya rasa lasisinsa," in ji lauyar. "Kin tabbata?"

"'Yata, yaron nan 'ya'yansa uku, kuma ba a taka birki da dungulmi. Shigar da ƙarar."

Dangi suka yi mata caa. Yayanta ya zo har gida ya ce ta rufa wa kowa asiri. Ƙannenta mata suka ɗauke ƙafa. Ta daina iya cin abinci, amma ba ta janye ba.

Ranar shari'a likitan ya shigo shi ma ya rame, furfura ta fito masa. Lauyansa ya miƙe zai ce ai majinyacin ne bai dawo a kan lokaci ba, sai likitan ya riƙe masa hannun riga ya zaunar da shi. Da alƙali ya tambaye shi ko ya gwada jinin, ya ce, "Ban gwada ba. Na ɗauka na san shi."

Aka yanke hukunci, Auta ya yi nasara, aka dakatar da likitan daga aiki. Lauyar ta juyo da murmushi, ta tarar Inna ta rufe fuska da mayafi.

A waje, likitan ya biyo su har gindin matakala. Ya durƙusa a gaban Inna. Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa, sannan ta share ido ta saki keken.

"Tashi, hannuna ya gaji," ta ce. "Zo ka tura ƙaninka mu tafi gida, duk ni na haife ku."